Wata Tara da tinySA Ultra a Teburin Gyarana

Wata Laraba bayan la'asar shugaban 'yan sintirin unguwarmu ya shigo shagona riƙe da baƙar leda, ya zazzage oba-oba guda shida a kan teburi. Sababbi ne fil, ko ledar fuskarsu ba a ɓare ba. Ya ce, "Malam, a haɗa mana su a layi ɗaya, daren yau muke so mu fara aiki da su." Na ce masa ya ba ni rabin awa in auna su tukuna. Ya yi murmushi ya ce, "Ai lafiyarsu ƙalau, mun gwada. Daga ƙofar gidana har bakin titi ana jin juna raɗau."

Shekara biyu da suka wuce da ni ma abin da zan ce ke nan. Na yi shekara 22 ina gyaran rediyo da amfilifaya a Kano, kuma kusan duk tsawon shekarun nan kunne ne ma'aunina, sai mitar gwaji. In murya ta fita ba ƙara, in batir bai yi zafi ba, to aiki ya yi. Abin da kunne ba ya iya gaya maka shi ne abin da rediyon yake zubarwa a wasu wuraren da ba ka saurare. Wannan 'yar na'urar da zan yi bayani a kanta ita ta buɗe mini ido a kai, shi ya sa na ga ya dace in rubuta wa 'yan'uwana masu gyara da masu sha'awar rediyo abin da na gani a wata tara da na yi ina aiki da ita.

Sunanta tinySA Ultra. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, fuskarta inci 4, kuma aikinta ɗaya ne babba: ta zana maka duk siginar da ke cikin wani yanki na iska. Daga hagu zuwa dama firikwensi ne, wato lambar tasha, daga ƙasa zuwa sama kuma ƙarfin sigina. Duk inda wani abu yake magana sai ka ga tsini ya miƙe kamar hasumiya. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Erik Kaashoek ne ya tsara ta, shi ma mai rediyon sha'awa ne, ana kuma ƙera ta a Sin. Ta farko, ƙarama mai fuska inci 2.8, ta fito a 2020, ita kuma Ultra ta biyo baya a ƙarshen 2022. Kafin zuwansu, yawancin na'urorin da ke wannan aiki na teburi ne masu tsada, irin waɗanda sai a jami'a ko a gidan rediyo za ka gani. Tawa na same ta a dala ɗari da 'yan kai, ban da kuɗin kawowa.

Maganar saye tana da muhimmanci, don jabunta sun cika kasuwannin intanet. Wani abokin sana'ata ya hango mai rahusa a wajen wani mai sayarwa, ya yi saurin biya. Da ta iso kamanninta ɗaya da tawa, amma da muka sa ta gwada kanta sai ta faɗi a matakai biyu. Araha ba ta ado. Shafin tinysa.org ya jera shagunan da aka amince da su, can ya kamata mutum ya fara dubawa. In ta iso hannunka kuwa, kafin komai ka ɗauki gajeriyar wayar da ke cikin kwali ka haɗa bakin da aka rubuta CAL da wanda aka rubuta RF, ka shiga CONFIG ka danna SELF TEST. Na'urar tana fitar da sigina tata ta 30 MHz ta auna kanta da ita. Tawa ta haye duka matakan. Bayan nan sai ka yi mata saitin ƙarfi da wayar a haɗe, minti biyu ya isa.

A cikin kwalin akwai eriya mai zuƙewa irin ta ƙaramin rediyo, wayoyi biyu masu bakin SMA, mahaɗi, wayar caji, da ɗan abin taɓa fuska. Abu ɗaya ne babu, kuma shi ne abin da ya fi kowanne zama dole ga mai auna oba-oba: atenuweta, wato abin da ke rage ƙarfin sigina kafin ta shiga na'ura.

A nan zan tsaya in daɗe, domin a nan mutane suke ƙona kuɗinsu. Iyakar abin da bakin Ultra yake ɗauka +6 dBm ne. Ga wanda bai saba da wannan lissafi ba, 0 dBm miliwat 1 ne, kuma kowane ƙarin 10 dB ninki goma ne. Ke nan +6 dBm miliwat 4 ne kacal. Oba-oba mai wat 5 kuwa +37 dBm take fitarwa, fiye da sau dubu na abin da na'urar za ta iya jurewa. Ka haɗa su kai tsaye ka danna maɓallin magana, to ka yi sallama da ita a daƙiƙa ɗaya. Yaron shagona, wanda yake da hannu da basira, ya taɓa ɗaura eriyar na'urar ya kawo oba-oba dab da ita zai danna don ya ga tsini ya tashi. Na riƙe hannunsa. Ya ce, "Oga, ai ban haɗa waya ba." Na nuna masa cewa eriya biyu da ke kusan taɓa juna ba su da maraba da waya. Tun ranar na rubuta a jikin bango da babban baƙi: atenuweta kafin maɓalli.

Abin da nake amfani da shi guda biyu ne a jere. Na farko mai 40 dB ne wanda yake jure wat 10, shi ke shanye zafin. Na biyu ƙarami mai 20 dB. Jimla 60 dB, don haka wat 5 ɗin nan yana isa bakin na'urar a matsayin -23 dBm. Wani zai ce ai 40 dB ɗin kaɗai ya wadatar tunda ya sauko da shi -3 dBm, ƙasa da iyaka. Ba za ta ƙone ba, gaskiya ne, amma za ta yi maka ƙarya. In sigina ta yi wa na'urar ƙarfi, ita da kanta take haifar da tsinaye na bogi a cikinta, ka ɗora wa rediyon mutane laifin da ba nasa ba. Akwai hanya mai sauƙi ta gane wannan. Ƙara ragi na 10 dB. In babban tsinin da ƙaramin suka sauka tare da 10 dB, ƙaramin na gaskiya ne, daga rediyon yake. In ƙaramin ya faɗi da kusan 20 dB ko ya ɓace, to na'urar ce ta ƙirƙire shi. Duk awon da na yi sai na maimaita shi da wannan dabara kafin in buɗe baki in ce wa mai kaya komai. Sannan a cikin LEVEL akwai EXT GAIN, in ka sa masa -60 sai lambobin fuska su riƙa nuna ainihin ƙarfin da ke fita daga rediyon, ba sai ka yi lissafi da ka ba. Wani amfanin wannan haɗin shi ne siginar tana mutuwa a cikin atenuweta, ba ta hawa iska ta dami kowa.

Mu koma ga oba-oban 'yan sintiri. Na kwance eriyar ta farko, na ɗaura mahaɗi, na saita ta a 145.500 MHz, lambar da masu rediyon sha'awa na yankinmu suke kiran juna a kai a zangon mita 2, wato daga 144 zuwa 146 MHz. A na'urar na shiga MEASURE na zaɓi HARMONIC. Abin da ake nema a nan shi ne ninki. Kowace na'urar aika sigina, komai tsadarta, tana haifar da 'ya'ya a ninki biyu da ninki uku da ninki huɗu na lambar da take kai. Aikin filta ne, rariyar da ke gab da eriya, ya tare su. Mai magana a 145.5 ninkinsa na biyu yana faɗawa a 291, cikin yankin 225 zuwa 400 MHz da jiragen saman soja suke amfani da shi a ƙasashe da yawa. Na uku yana 436.5, daidai inda taurarin ɗan'adam na masu rediyon sha'awa suke aiki. Na huɗu yana 582, cikin zangon talabijin.

Ta farko ta ba ni kusan +36 dBm, wato wat 4, duk da kwalinta ya yi alkawarin fiye da haka. Ninkinta na biyu yana can ƙasa wajen -22 dBm, na ukun da ƙyar ya ɗaga kai. Na ce madalla. Ta biyu da ta uku da ta huɗu duk kusan haka. Da na danna ta biyar sai tsini na biyu ya miƙe zuruf har -2 dBm. Na ƙara ragi na sake dannawa, ya sauka tare da babban, ke nan na gaske ne. Ta shida ma haka, da ɗan sauƙi kaɗan. Kamfani ɗaya, kwali iri ɗaya, shago ɗaya, rana ɗaya aka saye su. Na juya fuskar na'urar na nuna wa mutumin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Malam, wannan na biyun wa yake jin sa?" Na ce masa tambayar ke nan. Kai ba ka jin sa, abokin maganarka ba ya jin sa, wanda yake jin sa wani ne can da bai san da zamanka ba, kuma wataƙila aikinsa ya fi naka hatsari.

Me doka ta ce? Najeriya tana cikin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, a yanki na 1 tare da sauran Afirka da Turai. Rataye na 3 na ƙa'idojin rediyonta ya ba da lissafin yadda ya kamata a danne irin wannan datti: 43 a tara da 10 log na ƙarfin a wat, ko 70 dB, duk wanda ya fi sassauci. In ka buga lissafin ga ƙananan rediyo, amsar kullum a wuri ɗaya take tsayawa, -13 dBm, wato maikurowat 50. Amurka ta fi tsanani kaɗan. Sashe na 97.307 na dokar hukumar sadarwarsu, FCC, ya ce mai aika sigina tsakanin 30 da 225 MHz da bai wuce wat 25 ba, dattinsa kada ya haura maikurowat 25, wato -16 dBm, kuma ya kasance aƙalla 40 dB ƙasa da babbar siginar. Ina ambaton ta Amurka ne don da ita mafi yawan masu gwaji a duniya suke kwatantawa. Oba-oba ta biyar ɗin nan, da -2 dBm ɗinta, tana zubar da kusan maikurowat 630. Ta ninka iyakar ITU fiye da sau 12, ta ninka ta Amurka sau 25.

Ba sabon abu ba ne. Ɗakin gwajin ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, ARRL, ya yi shekaru yana kafa teburi a babban taron Dayton Hamvention na jihar Ohayo, mutane suna miƙa oba-obansu ana aunawa. Sakamakon da mujallarsu QST ta buga a Nuwamban 2015 ya nuna na manyan kamfanonin Japan kusan duka sun haye, masu arahar kuwa da yawa sun faɗi. A Satumban 2018 FCC ta fitar da gargaɗi a kan shigo da irin waɗannan rediyo da ba su da izini da kuma sayar da su. Mu a nan su ne suka cika kasuwa, a hannun masu gadi, 'yan sintiri, masu shirya taro, har direbobin ayari. Ba na zargin wanda ya saya. Mutumin da ke tsaron unguwa da daddare da kuɗin karo-karo ba zai iya sayen na dala ɗari uku ba, kuma bukatarsa ta gaske ce. Amma tunda huɗu a cikin shida sun fita da tsabta, ashe ba lallai ne mai araha ya zama mai datti ba. Abin da ya rage shi ne a samu mai aunawa.

Na kuma gaya masa abin da bai zo nema ba. Waɗannan rediyo suna buɗe daga 136 zuwa 174 MHz, da kuma daga 400 zuwa sama da 470. A cikin wannan fili akwai 156.800, layin neman agaji na jiragen ruwa, akwai 406 MHz inda na'urorin neman ceto suke kiran taurarin ɗan'adam idan jirgi ya faɗi. Ƙasa kaɗan da 136 kuma zangon maganar jiragen sama ne da ya fara daga 118, ga mu kuma da filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari. Lambobin da ake zubo wa rediyon daga masana'anta ba da sanin tsarin ƙasarmu aka zuba su ba. Dokar sadarwar iska ta 1961 tana nan da ranta, kuma ta ce aika sigina sai da lasisi. Hukumar NCC ce ke kula da layukan kasuwanci da amincewa da nau'in kayan sadarwa ƙarƙashin dokar 2003, NBC ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ma'aikatar sadarwa ta tarayya kuma ita ke ba da layukan da ba na kasuwanci ba, har da lasisin masu rediyon sha'awa, waɗanda alamar kiransu take farawa da 5N kamar yadda ta Nijar take farawa da 5U. Zangon mita 2, daga 144 zuwa 146 MHz, na masu wannan lasisin ne, ba fili ne na kowa ba. Na ce masa ƙungiyarsu ta rubuta ta nemi layinta ta hannun hukuma. Ya ɗauki biyun marasa kyau ya mayar, mai shagon ya canja masa, na auna sababbin suka haye.

Don in gamsar da kaina, kafin a mayar da su na naɗa koyil biyu da wayar tagulla, na haɗa da kafasita uku a cikin ɗan gwangwani, na liƙe da dalma, na sa a bakin ta biyar. Tsinin na biyu ya nutse ƙasa da iyaka. Wannan ya tabbatar mini a rariya matsalar take. Sai dai ba magani ne na ɗan sintiri ba, don ba wanda zai yi yawo da gwangwani a rataye jikin oba-oba, kuma filtan mita 2 yana toshe zangon sama gaba ɗaya.

A wannan aikin ne na gane dalilin da ya sa ƙarin kuɗin Ultra a kan ƙaramar tinySA ya halatta. Ita ƙaramar, bakinta mai kyau a 350 MHz ya tsaya. Za ta nuna maka ninki na biyu na mita 2, amma na uku ya fi ƙarfinsa, sai ka koma ɗaya bakin mai kaiwa 960 MHz wanda ba shi da tacewa sosai. Ultra tana kaiwa 800 MHz kai tsaye, in ka buɗe yanayin da ake kira ultra kuma ta haura 5 GHz. Mai auna rediyo a 435 MHz yana bukatar ganin 870 da 1305, don haka ba shi da zaɓi. Daga baya sun fito da Ultra Plus mai kaiwa sama da haka, amma ga aikin shago irin nawa wannan ta isa har ta yi saura.

Aikin da ya fi faranta mini rai da ita kuwa ba na oba-oba ba ne. Kawuna, ƙanin mahaifina, ya haura shekara 70, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin ya karya kumallo ba tare da rediyo a gefen tabarmarsa ba. Gajeren zango yake saurare, shirin safe na BBC da makamantansa, kamar yadda ya saba kama Kaduna a mita 49 tun zamanin ƙuruciyarsa. 'Ya'yansa suka haɗa masa sola, gida ya yi haske, rediyo kuma ya koma zuuu kamar an tashi gidan zuma. Sau biyu yana aiko mini da rediyon, ina kunna shi a shago ina jin sa garau, ina mayar masa. Karo na uku ya zo da kansa ya ce, "Kai ɗan nan, ko dai hannunka ya fara sanyi ne?" Na ce, "Kawu, gobe da safe ina nan tafe, rediyonka ba shi da laifi."

Na je da na'urar a aljihu, na zaro eriyarta, na saita ta daga 3 zuwa 30 MHz a tsakar gida. Fuskar ta cika da tsinaye a jere, tazararsu ɗaya, kamar haƙoran matsefi, tun daga ƙasa har wajen 20 MHz. Wannan ita ce alamar na'urar wuta mai yanka lantarki da sauri. Kowa a gidan ya ce inbata ce. Muka kashe ta, matsefin bai motsa ba. Na riƙa tafiya a hankali ina kallon fuska, tsinayen suna ƙara tsawo in na nufi zaure, suna raguwa in na koma wajen rijiya. A zaure akwai ƙwan fitila guda biyu masu aiki da batirin sola kai tsaye, da wata 'yar caja mai baki huɗu da jikoki suke cajin waya. Na zare cajar, rabin matsefin ya faɗi. Na kwance ƙwai ɗaya, sauran ya kwanta. Daga cikin ɗaki muka ji muryar mai karanta labarai ta fito tas. Kawu bai ce komai ba, ya dai ƙara murya ya gyara zama.

Da na fasa cajar a shago na ga gurbin koyil da kafasitan tacewa a zane a jikin allon, amma ba a sa su ba, an haɗe wurin da guntuwar waya. Doguwar wayar da ta taho daga batir ita ta zama mata eriya. Akwai ƙa'idojin duniya a kan wannan, na hukumar CISPR, lamba 15 ta kayan haske ce, kuma awon dattin da ke bin waya ya haɗa da yankin 150 kHz zuwa 30 MHz, daidai inda matsakaici da gajeren zango suke zaune. Abin yana ci mini rai, domin tsofaffi da yawa sun ajiye rediyonsu suna zaton tashoshin ne suka yi rauni, alhali ƙwan fitilar da ke saman kansu ne ya rufe su. Na canja wa Kawu ƙwan, na sa masa wata cajar, na naɗa wayarta zagaye shida a zoben ferait. Yanzu in mutum ya kawo mini rediyo ya ce yana ƙara, tambayata ta farko ita ce me aka sabunta a wutar gidan.

Ba komai nata ne ya yi mini daidai ba. In ka matse tagar awonta zuwa mafi ƙanƙanta, 200 Hz, don ka ga ƙananan sigina, tafiyarta ta zama ta hawainiya, sai ka rage faɗin wurin da kake dubawa. A sama da 800 MHz da dabarar lissafi take kawar da tsinayen bogi, saboda haka tana iya kuskure siginar da ke walƙiya ta ɓace ko mai faɗi irin ta waifai. Fuskarta sai an danna da ɗan ƙarfi, kuma a rana tsaka sai ka yi mata inuwa da hannu. Komai nata da Turanci yake, cikakken bayaninta kuma a intanet yake, don haka wanda bai taɓa riƙe irinta ba zai yi mako guda yana lalube. Abu mafi muhimmanci, masu ita da kansu sun ce kuskuren awonta yana iya kaiwa 2 dB sama ko ƙasa. Rediyon da ya wuce iyaka da 11 dB kamar na 'yan sintiri ba shi da abin cewa. Wanda ya tsaya a -14 kuwa, dab da layi, ba na yanke masa hukunci da ita, kuma ba na ba kowa takarda in ce kayansa sun cika ƙa'ida. Wannan aikin ɗakin gwaji ne mai kayan da aka tantance.

Akwai abubuwa biyu da yanayinmu ya koya mini. Da hunturu, busasshiyar iska mai ƙura tana tara wuta a jikin doguwar eriyar waje, har ka ji ta tsarge ka in ka taɓa. Kafin in haɗa irin wannan eriya da na'urar sai na taɓa tsakiyar wayar da jikinta in sauke wutar, sannan in fara da atenuweta a tsakani. Na biyu, bakin SMA ɗan lallaɓawa ne, ƙura da yawan ɗaurawa suna cinye shi. Na sa masa ɗan mahaɗi na dindindin wanda shi ke shan wahalar, in ya gaji in canja shi da kuɗi kaɗan, na'urar kuma tana kwana a cikin gwangwani mai murfi.

Batirinta mai 3000 mAh ne, yana kai ni yinin aiki in ina kashewa tsakanin awo, kuma ana cajinta da wayar USB-C daga fawabank, abin da ya fi komai daɗi a garin da wuta ba ta da tabbas. Tana da gurbin katin memori, ina ajiye hoton kowane awo in tura wa mai kaya ta WhatsApp. Tana kuma iya zama mai fitar da sigina, da ita nake gwada jin kunnen rediyo bayan gyara, ina rage ƙarfin a hankali har muryar ta nutse. Abin da ba ta yi shi ne auna eriya. Wannan aikin 'yar'uwarta NanoVNA ne, kuma mai shirin kafa tasha yana bukatar su biyun.

Wanda oba-oba ɗaya yake da ita ba ya bukatar sayenta, ya kai wa mai ita a auna masa. Amma mai shagon gyara, da mai sayar da oba-oba da yawa, da malamin kwalejin fasaha, da matasan nan masu haɗa ƙananan tashoshin FM da hannunsu, da duk mai shirin neman lasisin 5N, ina ba su shawara su saya, su kuma sa kuɗin atenuweta biyu a cikin lissafi tun farko. Mai shagon da ya canja wa 'yan sintiri rediyo ya aiko yaronsa makon jiya da kwali mai guda 20, ya ce in tace masa su kafin ya jera a kanta. Na gama 12, na ware uku a gefe, sauran takwas suna jiran gobe da safe.